FILIN DIREBOBI DA MAKANIKAI: A Kwance Robar Nan Daga Sandar Ogzilari

A wannan mako za mu duba wata wasiƙa ce da ta zo mana daga wani manomi a garin Kwandere, kusa da Lafiyar Barebari, hedkwatar Jihar Nasarawa.

Shi wannan bawan Allah yana da tsohuwar Land Rover, watau Landirofa a bakinmu, irin mai dogon shasi da buɗaɗɗen baya, wadda ya gada daga mahaifinsa. Da ita yake kwaso doya da riɗi da agushi daga gona. Kukan da ya kawo shi ne, sandar nan mai jan kai da ke gefen sandar giya ta koma tana lilo, kuma da zarar an yi lodi an kama gangara sai ta fice da kanta, mota ta koma firi. Yaron motarsa ya samo dabara, ya ɗaure ta da robar tsohon tib a jikin ƙarfen kujera. Yanzu kuma an ba shi shawara iri biyu. Wani mai walda ya ce a kawo ya liƙe ta wuri ɗaya a huta, wani kuma ya ce a yi masa odar sanduna biyu irin na zamani daga ƙasar waje. Tambayarsa ita ce, wacce zai ɗauka?

Malam, amsarmu a taƙaice ita ce, kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Sandar da ke ficewa da kanta saƙo take kawo maka daga cikin akwatin da ke ƙarƙashinta, wanda kuwa ya ɗaure ɗan aike bai kashe maganar da aka aiko shi da ita ba. Ingantawa ta farko, kuma mafi araha, ita ce a mayar da sandar yadda maƙeranta suka yi ta. Sai an gama wannan ne ake maganar ƙari.

ME YA SA MUKA DAMU DA TSOHUWAR MOTA

Wanda bai san ƙasar Lafiya ba yana iya cewa, mene ne na ɓata tawada a kan motar da ta girmi direbanta? To, gaskiya ne kwalta ta tashi daga Lafiya ta nufi Akwanga, ta nufi Makurɗi, ta nufi Doma, har filin jirgin sama ma an gina a Kwandere. Amma fa ba a kan kwalta ake noman doya ba. Tsakanin gona da bakin titi akwai hanyar burji da hanyar shanu, akwai rafi da fadama, ga kuma damina mai tsawo wadda kan kama tun wajen Afrilu ba ta sauka ba sai Oktoba. Sabuwar mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin manoma. Saboda haka duk wanda Allah Ya bar wa tsohuwar Landirofa ko tsohuwar Land Cruiser mai rai, to, ya riƙe ta da kyau, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara nuna wannan mota a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. An yi samfuri na farko har zuwa 1958, aka shiga na biyu, sa'an nan aka fito da na uku a 1971, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, akwai doguwa mai inci 109, irin ta mai wasiƙarmu ke nan. A nan ƙasar kamfanin BEWAC ya daɗe yana sayar da ita, daga baya kuma kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Ibadan. Dattawa za su tuna zamanin da malamin gona da malamin dabbobi da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti duk a cikinta suke shiga ƙauyuka. Jikinta na gorar ruwa ne, ba ya tsatsa, shi ya sa har yau akan ga gangar jikinta garau alhali kayan cikinta sun gaji.

AIKIN ƘARAMIN GIYABOS

Kafin a gyara abu sai an san aikinsa. A bayan babban giyabos na irin waɗannan motoci akwai wani ƙaramin giyabos maƙale da shi, wanda za mu iya kira akwatin raba ƙarfi. Direbobinmu sun fi saninsa da ogzilari. Aiki biyu yake yi. Na farko, yana karɓar juyin da ya fito daga babban giyabos ya raba shi gida biyu, farfela ɗaya ta kai wa aksul na baya, ɗaya ta kai wa na gaba. Na biyu, yana da giya biyu nasa na kansa, watau giyar gudu da giyar ƙarfi.

Bari mu kawo lissafi domin a ga bambancin. A Landirofa samfuri na uku, idan aka sa giya ɗaya kuma ogzilari na kan giyar gudu, injin kan juya kimanin sau 20 kafin taya ta juya sau 1. Idan aka koma giyar ƙarfi sai ya zama kimanin sau 40. Watau gudu ya ragu da rabi, ƙarfin ja kuma ya ninka. Wannan ninki shi ke fitar da lodi daga taɓo, shi ne kuma ke riƙe mota a gangara ba tare da an dogara ga birki ba. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu komo kanta.

A gefen sandar giya akwai abu biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. Mai jan kai wuri uku take tsayawa. Idan ta yi gaba, giyar gudu ke nan, tayoyin baya kaɗai ke ja. Idan ta tsaya tsakiya, firi ke nan, ko wace giya ka sa mota ba za ta motsa ba. Idan aka jawo ta baya, giyar ƙarfi ke nan, kuma a nan ƙafa huɗu kan shiga da kansu. Shi kuwa mai rawayan kai danna shi ake yi ƙasa idan ana son ƙafa huɗu a kan giyar gudu, alal misali a cikin yashi ko santsi. Ba a jawo shi sama da hannu. Hanyar sakinsa ita ce a tsayar da mota, a jawo jar sanda baya, a sake mayar da ita gaba, sai a ji ya yi tsalle ya tashi da kansa.

Akwai gargaɗi ga direban da ya saba da samfurin baya. A 1983 kamfanin ya fito da wata sabuwar Landirofa, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, aka kuma daina ƙera ta a watan Janairu na 2016. Ita wannan kullum a ƙafa huɗu take, sandarta ɗaya ce, kuma gaba ne giyar ƙarfi, baya ne giyar gudu, watau akasin tsohuwar. Wanda ya sauka daga wannan ya hau waccan sai ya lura da hannunsa.

INDA CUTAR KE ƁUYA

To, me ke sa jar sanda lilo da ficewa? Wuri huɗu ake dubawa, kuma makaniki mai tsoron Allah daga waje yake farawa, inda gyara ya fi sauƙi, kafin ya ce a sauke giyabos.

Wuri na farko shi ne robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu. Idan baƙin mai ya jiƙa su shekara da shekaru sai su ruɓe, giyabos ya riƙa rawa a kan shasi. Ita sanda a jikin giyabos take, ramin da ta fito ta cikinsa kuwa a jikin dandamalin mota yake. Saboda haka da an taka totur ko an ɗaga ƙafa sai giyabos ya karkata, sanda ta bugi bakin ramin, bugun nan ya tura ta waje. Sau da yawa sabbin robobi kaɗai kan kashe maganar. Haka nan idan an taɓa cire murfin dandamali aka mayar da shi a karkace.

Wuri na biyu shi ne gindin sandar kanta. Tana juyawa ne a kan wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, tana kuma da ɗan dunƙule mai kama da ƙwallo wanda ke zaune cikin gurbi, tare da wani ɗan siririn sifirin da aka sa domin ya hana ta kaɗawa. Ɗan sifirin nan shi ne abu na farko da ke ɓata a gareji, domin yara kan ɗauka ba shi da amfani. Idan ya ɓata, ko noti ya saki, ko ramin ƙusa ya buɗe, sai sanda ta yi ta lilo, kuma ko ka tura ta har ƙarshe ba lalle giyar ta shiga har ƙarshe ba. Giyar da ta shiga rabi kuwa ba ta da alkawari.

Wuri na uku shi ne makullin ciki. Sandar da direba ke riƙewa tana tura wata sanda ce a kwance, wadda ke ɗauke da wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, gwafar nan ita ke tura giya gaba da baya. A jikin kwantacciyar sandar akwai gurabu, a samanta kuma akwai ɗan ƙarfe wanda sifirin ke dannawa cikin gurbin da aka zaɓa. Shi ne ke ba da ɗan ƙaran nan da direba ke ji a hannunsa idan giya ta zauna. Idan sifirin ya mutu, ko bakin gurbin ya siɗe, babu sauran abin da ke riƙe giyar. Ana iya kaiwa ga wannan sifirin ta saman akwatin ba tare da an sauke komai ba.

Wuri na huɗu shi ne cikin akwatin, watau boris da wosha da gwafa da haƙoran giya. Idan boris ya ci, shaf kan riƙa motsi gaba da baya, haƙoran giya su goge su yi gangare, nauyin lodi ya riƙa tura su waje. Akwai wata alama da ya kamata kowane mai Landirofa ya sani. Idan allurar agogon gudu ta fara rawa ko tana faɗuwa alhali mota na tafiya, a duba babban notin da ke bayan akwatin, inda farfelar baya take ɗaure, domin shi ne ke matse ɗan giyar da ke juya wayar agogon. Idan ya saki, agogo ya yi ƙarya, shaf kuma ya samu wurin wasa.

Shi ma mai rawayan kai yana da nasa ciwon. Idan ya ƙi dannuwa, ko ya ƙi tashi, galibi laka ce da tsatsa suka kama ƙusar da yake ɗagawa, ko kawunan sandunan da ke ƙarƙashin wani ɗan murfi a gaban akwatin. Motar da ke ratsa rafi kullum ba ta rasa wannan. A cire murfin, a wanke da kananzir, a shafa giris, a daidaita sifirin da ke ƙarƙashin rawayan kan. Guduma ba ta cikin kayan wannan aiki.

HATSARIN ROBA DA WALDA

Yanzu sai mu komo kan robar tib. Dabarar ta yi kama da hikima, amma ɓarna uku take yi. Ta farko, tana jan gwafa tana goga ta a jikin giya mai juyawa ba hutawa, alhali an yi gwafa ne ta tura giya ta sake ta. Ba a daɗewa sai ta siɗe, garin ƙarfe ya gauraya da mai ya bi boris. Ta biyu, tana ɓoye cutar, mai mota ya saki jiki har ƙaramin gyara ya zama babba. Ta uku ita ce mai ban tsoro. Roba ba ta sallama kafin ta tsinke. A ce mota ta ɗauko doya maƙil, ga mutane a kan kaya kamar yadda aka saba, an kama gangarar rafi a giyar ƙarfi, injin na riƙe da ita. Roba ta tsinke, sanda ta koma tsakiya. Nan take injin ya rabu da tayoyi, nauyin duka ya koma kan birki. Birkin tsohuwar Landirofa kuwa irin mai ganga ne a duk ƙafa huɗu, kuma idan ya sha ruwa ba ya kamawa sosai sai ya bushe. Birkin hannunta ma a bayan akwatin ogzilari yake, farfela yake kamawa, an yi shi ne domin ajiye mota, fizgarsa ana cikin gudu na iya karya shaf. Wanda ya san rafukan ƙasar nan da damina ba ya bukatar a ƙarasa masa labarin. Allah Ya kiyaye.

Maganar walda kuwa ta fi ta roba muni. Idan aka liƙe sanda a baya, mota ta dawwama a giyar ƙarfi da ƙafa huɗu, ba gudu, ga shan mai. Bugu da ƙari, irin wannan akwati ba shi da abin da ke daidaita juyin gaba da na baya, ga shi kuwa a kan kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A kan ƙasa taya kan ɗan zame ta huce, amma a kan kwalta ba ta samun zamewa, sai farfela da shaf su yi ta murɗewa, sitiyari ya yi nauyi, taya ta cinye, daga ƙarshe wani abu ya karye. Idan kuma aka liƙe ta a gaba, an yi asarar giyar ƙarfi, sa'an nan ranar da aka danna mai rawayan kai babu sauran hanyar sakinsa, tun da yake jar sanda ce ke sakinsa. Ka ga an sayar da dalilin mallakar motar ke nan a kan kuɗin walda.

MAGANAR SANDUNA BIYU

To, shawara ta biyu fa? Sanduna biyu ba sabon abu ba ne. Motar Jeep da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita haka take, sanda ɗaya ta sa ƙafar gaba ko ta cire, ɗaya ta zaɓi gudu ko ƙarfi. Daga baya kamfanoni suka haɗe aikin a sanda ɗaya domin sauƙin direba, a yau kuma motoci da yawa maɓalli kawai ake murɗawa. Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka su ne suka sake raba sandar gida biyu, musamman a Jeep da Ford da Land Cruiser, domin su samu abin da maƙera suka hana, watau giyar ƙarfi a kan tayoyin baya kaɗai. Amfaninta shi ne juya mota a matsattsen wuri ko ja da tirela baya a hankali a kan ƙasa mai tauri.

Amma maƙera ba su hana wannan don mugunta ba. Giyar ƙarfi tana ninka ƙarfin injin, shi ya sa aka raba shi ga tayoyi huɗu. Idan aka tara shi a kan biyu, ga lodi, shaf ɗin baya ne zai biya, shaf ɗin tsohuwar Landirofa kuwa dama an san shi da karyewa. Har wa yau, ita Landirofa tun asali abin sarrafawa biyu gare ta, ja da rawaya. Iyakar abin da sabon tsari zai ƙara maka shi ne cire ƙafa huɗu ba tare da ka tsaya ba. Wannan jin daɗi ne, amma bai kai a kashe masa kuɗin taki ba. Abu mafi muhimmanci kuma, sabuwar sanda a waje take, ba ta gyara mataccen sifirin ko cinyayyen boris. Ka sa ta yau, gobe ta fice kamar ta jiya.

Inda sauya sanda ke da cikakken dalili shi ne a tsohuwar Toyota Land Cruiser, samfurin da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984. Na farkon-farkonsu ba da sanda ake sa ƙafar gaba ba. Wani maɓalli ne ake ja a allon gaban direba, iskar da injin ke zuƙa ta bi ta tiyo ta ja wata roba, ita kuma ta sa giyar. Idan tiyo ya tsage ko robar ta huje, direba zai ja maɓalli ya ɗauka yana ƙafa huɗu, sai ya shiga taɓo ya gane gaskiya. Wanda ke da irin wannan, idan ya samu kayan samfurin baya mai sanda a dandamali ya sauya, ya yi dabara, domin ƙarfe ya fi roba amana, kuma hannu na jin shigar giya.

Akwai ƙari biyu da suka fi sanduna biyu amfani ga mai Landirofa, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Na farko shi ne makullin tayoyin gaba, wanda ake murɗawa da hannu a tsakiyar taya domin a raba ta da aksul idan za a yi doguwar tafiya a kwalta. Yana rage wahalar kayan gaba, yana ɗan rage shan mai. Sharaɗinsa shi ne a kulle shi kafin a sa ogzilari, a kuma riƙa kulle shi jefi-jefi domin mai ya zagaya. Na biyu shi ne ƙarin giyar kwalta irin ta kamfanin Fairey, wadda ake ɗaurawa a bayan akwatin, tana rage juyin injin da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Amma ita ma ba a ɗora ta a kan akwati mai ciwo.

YADDA ZA KA BI DA GYARAN

Malam, ga tsarin da muke ba ka shawara ka bi. Da farko ka kwance robar nan yau, kada kuma motar ta sake ɗaukar lodi ko mutum a gangara sai an gyara. Ka kai ta wurin makanikin da ya san Landirofa, ko da tsoho ne wanda ba shi da allon talla. Ka tsaya a wurin a wanke ƙarƙashinta, a duba robobin zama, a duba gindin sanda, a duba sifirin na sama, a matse notin baya. Sa'an nan a zubar da man akwatin a cikin kwano mai tsabta, ka duba da idonka. Idan ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Idan yana ƙyalli, ko ka ji tsaki-tsaki a yatsa, ƙarfe na cin ƙarfe, sai a sauke akwatin. Man giya mai lamba 90 ake zuba masa, yana cin kimanin lita 2 da rabi. A duba man babban giyabos kuma, domin idan robar da ke tsakaninsu ta mutu mai kan gudo daga babban ya cika ƙaramin, a bar babban a bushe.

Wajen kayan gyara, akan nema a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da kasuwar Nnewi, kuma har yanzu akwai kamfanoni a Ingila da ke ƙera kayan waɗannan motoci sababbi. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, ka kuma rubuta lambar da ke jikin giyabos, domin an sha sauya kayan ciki daga shekara zuwa shekara, abu biyu na iya kama da juna a ido su saɓa a ciki. Ƙusa da bushin da wosha, mai injin sassaƙa ƙarfe na iya yi maka su da kyau. Amma haƙoran giya da gwafa kada ka yarda a cike su da walda a goge, domin walda na kashe taurin ƙarfe. Araha ba ta ado.

Bayan an gama, kada ka biya sai an gwada. A nemi gangara mai sauƙi wadda ba kowa a gabanta, mota ba lodi, a sa giyar ƙarfi, a riƙa taka totur ana saki da sauri, hannu ba ya kan sanda. Idan ta zauna daram, a ɗora rabin lodi a sake. A danna mai rawayan kai a ga ya zauna, a ja jar sanda a ga ya tashi. Daga nan sai kiyayewa. Kada a sa giyar ƙarfi sai mota ta tsaya cik an taka kuloci. Idan ta ƙi shiga, a ɗan motsa motar kaɗan a sake gwadawa, ba a sa ƙafa a tura. A cire ƙafa huɗu da an hau kwalta. Ko da rani a riƙa sa ogzilari lokaci-lokaci a kan hanyar ƙasa domin kada ya ƙage. Idan za a ajiye mota a gangara a tabbata jar sanda ba ta tsakiya, domin in tana tsakiya barin mota a giya ba ya riƙe ta. Duk ranar da aka ratsa ruwa mai zurfi kuma a duba mai.

KIRA GA MANYAN GAREJI

Muna da magana ɗaya da shugabannin makanikai, a Lafiya da sauran garuruwa. Dattawan da suka koyi Landirofa a hannun kamfani da ma'aikatun gwamnati suna ƙarewa, yaran da ke tasowa kuwa sun fi sanin na'urar kwamfuta da ake jona wa sabuwar mota. Wannan ilmi ne mai kyau, ba mu raina shi ba, amma ba shi zai fitar da doyar manomi daga fadama ba. Robar tib da ake gani a ɗaure a jikin sanda shaida ce cewa an rasa wanda zai ce ga ɗan sifirin da ya mutu. Ya kamata kowane babban gareji ya ajiye tsohon akwatin ogzilari guda ɗaya, a riƙa sa almajirai suna warware shi suna mayarwa a gaban maigida har hannunsu ya faɗa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Masu motoci kuma su daina matsa wa makaniki da cewa a yi dabara kawai a kai kaya kasuwa. Kwana biyu a gareji ya fi kwana arba'in ana karɓar gaisuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A nan za mu dakata. Duk mai tambaya a kan mota, tsohuwa ko sabuwa, ya rubuto wa wannan fili, ya faɗi irin motar da shekarunta da yadda ciwon ke nuna kansa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba birki mai ganga da yadda ake busar da shi bayan an ratsa ruwa. Allah Ya ba manoma albarkar kaka, Ya kiyaye mana hanya, amin.